Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: a gwada mana maganin shanu a kan ƙwayoyin cutar da ke jikin shanunmu

Ranka ya daɗe, Mai Girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya taya ka riƙon wannan ma'aikata da aka ƙirƙiro a watan Yulin 2024, daga Zariya nake rubuto maka. Ni likitan dabbobi ne. Ina da ɗan kanti da ɗakin duba jini a gefen Samaru, amma rabin rayuwata a rugage take, daga bayan Shika har hanyar Giwa. Na bar wasiƙar a buɗe ne don maganar ta shafi malamanmu na Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da masu bincike na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, da masu sayar da magani irina, har da wanda bai taɓa riƙe sandar kiwo ba amma yana dama fura da nono.

Wata tambaya ce wani dattijo ya yi mini a daminar da ta wuce, ta tsaya mini a rai, ita na kawo gabanka.

Da asuba ɗansa ya bugo mini waya, na hau babur. Ruwa ya kwana yana zuba, hanyar rugar duk ta zama taɓo. Na tarar da saniyar, farar Bunaji mai shayarwa, tana tsaye a gefen garke, kanta a sunkuye, ta daina tuƙa. Na sa ma'aunin zafi, ya nuna 41. Na ɗaga fatar idonta, ciki fari fat, babu alamar jini. Ina nan tsaye ta yi fitsari, ja mai duhu kamar zoɓon da ya kwana a jiƙe. Kaska kuwa ga ta nan a wuya da cinya da hantsa, wasu sun sha jini sun yi bul-bul.

Dattijon, wanda nake kira Baffa, ya sa hannu a aljihu ya zaro fakitin magani biyu da babu komai a ciki.

"Likita, allurar sammore na yi mata shekaranjiya, na sake jiya. Na haɗa mata da el-e."

El-e ita ce allurar kashe bakteriya mai daɗewa a jiki. Na ce, "Baffa, kowane fakiti shanu nawa kuka raba wa?"

Ya ce, "Uku. Waɗancan biyun ma na ga sun yi laushi, na ce kada a bar su haka."

Na zagaya ƙirjinta da igiyar awo na ƙiyasta nauyinta, na yi mata cikakkiyar allura daga maganin kantina. Na huda bakin kunnenta, na ɗiga jini a gilashi na shafe. Da na koma kanti na rina shi da Giemsa na sa a madubin likita, sai ga su nan a cikin jajayen ƙwayoyin jini, biyu-biyu, kamar ƙwayar gyaɗa biyu a kwanso ɗaya. Babesiya ce, cutar da kaska ke kawowa. Zazzaɓin ya sauka na kwana biyu, muka ɗan yi murna. Rana ta biyar ya dawo. Rana ta bakwai ta kwanta, suka yi maza suka sa mata wuƙa kafin ta tafi a banza. Ta bar maraƙi ɗan wata biyu.

Da na koma yi masa jaje, Baffa ya shimfiɗa mini tabarma, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Likita, ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Maganin ne ya mutu, ko ciwon ne ya fi ƙarfin magani?"

Ranka ya daɗe, wannan tambaya ce ta kimiyya tsantsa, kuma mutumin da bai taɓa shiga aji ba ne ya yi ta. Mai yiwuwa fakitin da ya sayo a kasuwa jabu ne, ko zafin rana ya kashe shi a kan tebur. Mai yiwuwa maganin lafiya lau yake, rabon da aka yi masa gida uku ne ya hana shi aiki, domin fakitin diminazin, wato allurar sammoren da ya yi mata, mai giram 2.36 an yi shi ne don saniya ɗaya mai kilo 300, a kan miligiram 3.5 ga kowane kilo. Mai yiwuwa jinin ya riga ya ƙare kafin in iso. Akwai kuma wadda ta fi ba ni tsoro: cewa ƙwayar cutar da ke wannan garke ta saba da maganin, ta daina jin sa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan da nata gyaran daban. Jabu na hukuma ne da 'yan kasuwa, rabon allura na wayar da kai ne, amma idan ƙwayar ce ta bijire, to duk garkunan yankin suna cikin haɗari ko da kowa ya sayi magani na gaske ya yi allura daidai. Daga kan babur, da ma'aunin zafi da gilashi ɗaya, ba a bambance su. Akwai hanyar bambance su, an san ta fiye da shekara 40, kuma ita nake roƙon a kafa mana a nan Zariya.

Bari in ɗan faɗi abin da ya sa waɗannan cututtuka suka fi wuyar sha'ani. Ƙwayar sammore, wadda ƙudan tsando ke kawowa, iyo take yi a ruwan jini, a fili, magani na shiga jini ya same ta. Babesiya kuwa 'yar ɓuya ce. Kaska na tofa ta, sai ta kutsa cikin jar ƙwayar jini ta rufe ƙofa. A ciki take rabuwa biyu, ta fasa ɗakin ta fito, kowace ta nemi sabon ɗaki. Jan da muka gani a fitsarin saniyar Baffa, abin da ke cikin waɗannan fasassun ƙwayoyi ne ƙoda ke zubarwa. Don haka duk maganin da zai kashe ta sai ya ƙetare bangon ƙwayar saniya, ya ƙetare na ƙwayar cutar, ya kashe baƙo ba tare da ya rushe ɗakin mai gida ba. Wahalar ta ƙaru da yake waɗannan halittu, da masana ke kira furotozuwa, gininsu ya fi kusa da na ƙwayoyin jikin dabba fiye da na bakteriya. Abin da zai illata su sau da yawa yana taɓa mai ɗauke da su. Shi ya sa magungunansu ba su da yawa, kuma tazarar da ke tsakanin warkarwa da guba ba ta da faɗi. Duk wanda ya taɓa ganin abin da diminazin ke yi wa raƙumi, ko kare idan an zarce awo, ya san abin da nake nufi.

Babesiya dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce. Victor Babeș ne ya fara ganin ta a jinin shanu a Romaniya a 1888, sannan a 1893 Theobald Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta. Wannan ne karon farko da aka nuna ƙwaro mai shan jini yana ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba, tun kafin a kama sauro da laifin maleriya. Iri biyu ne suka fi damun shanunmu. Bigemina ita ce mai jan fitsari ƙarara. Bobis ta fi mugunta, domin ƙwayoyin jinin da ta kama suna manne wa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, saniya ta riƙa tangaɗi ko ta yi kamar ta haukace, alhali a jinin da ka ɗiba daga wuya da ƙyar za ka ga komai. Shi ya sa muke huda bakin kunne ko ƙarshen wutsiya.

To me muke da shi a hannu? Diminazin, wanda kamfanin Hoechst na Jamus ya fitar a 1955 da sunan Berenil, da kuma imidokab. Su ke nan, kusan. Magani ɗaya ya shekara 70 yana yi mana aikin sammore da na babesiya a lokaci guda, ana tsira wa shanu shi a kowace kasuwa, ko an ga cuta ko an ga rama kawai. A wajen sammore magana ta riga ta fito fili, an ba da rahoton bijirewar ƙwayarta ga diminazin da Samorin, wani maganin sammoren, a ƙasashen Afirka da dama, har da tamu. To duk allurar sammore da aka yi wa saniya, babesiyar da ke kwance a jininta ita ma ta ɗanɗana. Idan rabin awo ne, ta ɗanɗana ba ta mutu ba. Masu bincike a Jafan sun gwada wannan a kwalba: suka riƙa ba babesiya diminazin kaɗan-kaɗan suna ƙarawa a hankali, har suka samu wadda ke jure abin da ke kashe 'yan'uwanta. Abin da suka yi da gangan a ɗakin gwaji, shi muke yi ba da sani ba a rugage duk lokacin da aka raba fakiti ɗaya gida uku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban ga laifin Baffa ba, magani ya yi tsada, kuma tausayin dabbobinsa ne ya sa shi rabawa. Ba wanda ya taɓa zama da shi ya yi masa wannan bayani da harshen da yake ji.

Ga kuma sabuwar baƙuwa. Kaskar nan da ake kira maikurofulus ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Brazil, aka fara ba da rahotonta a Kwaddebuwa a 2007, ta bazu a Benin da Burkina Faso da maƙwabtansu, kuma an tabbatar da ita a Najeriya. Tana ɗaukar bobis da bigemina duka, tana hayayyafa da sauri har ta kori kaskar gida, ta kuma yi suna wajen jure maganin wanka. A daidai wannan lokaci ne ake ta maganar kawo shanun madara na waje da yin barbara da su don a ƙara yawan nono. Bunaji da Rahaji da Bokolo da suka taso cikin kaska tun suna maruƙa suna samun garkuwa da wuri, shi ya sa da yawansu ke yawo da cutar ba ta kayar da su sai yunwa ko doguwar tafiya ta raunana su. Saniyar Turai ko 'yarta ba ta da wannan gata. Wanda ya zuba miliyoyi a irin waɗannan shanu, a kan allura biyun nan dukiyarsa take rataye.

Yanzu ga aikin da nake nufi. Tun 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, Levy da Ristic, suka nuna yadda ake raya babesiya a kwalba ba tare da saniya ba. Ana ɗibar jinin saniya mai lafiya, a wanke jajayen ƙwayoyin, a zuba su a ruwan abinci na musamman da aka gauraya da ruwan jinin saniya, a sa ƙwayar cutar, a ajiye a inkubeta, akwatin da ke riƙe ɗumi daidai, a zafin 37 da 'yar iskar kabon. Kullum a sauya ruwan. Ƙwayar tana ci gaba da shiga ɗaki tana fasawa kamar tana jikin dabba. Daga nan sai a ɗauko faranti mai ramuka 96, kowane rami bai fi kan ɗan yatsa ba. A zuba jinin mai cutar a cikinsu, a sa magani a jere: wannan layi kaɗan, na gaba ninki biyu, na gaba ninki huɗu, a bar wasu ramukan babu magani don a gwada da su. Bayan kwana 4 a duba. Ko dai a shafa a gilashi a ƙirga da ido, ko a sa wani rini da ke haske idan ya haɗu da ƙwayar gadon halitta. Jar ƙwayar jinin saniya ba ta da cibiyar da ke ɗauke da wannan gado, saboda haka duk hasken da na'ura ta gani na baƙon ne. Daga nan ake fitar da adadi guda, wato yawan maganin da ke rage girman ƙwayar cutar da rabi. Sannan a wanke maganin a zuba sabon jini a jira, a ga ko ta mutu ne ko suma ta yi.

Wannan adadi shi ne amsar Baffa. A ɗauko babesiyar da ke garkensa a gwada ta da diminazin na asali, a kwatanta da irin da aka san tana jin magani. Idan tata ta buƙaci ninki biyar ko goma, ciwon ne ya fi ƙarfin magani. Idan ta mutu kamar kowa, sai a ɗauko irin fakitin da ya saya a jiƙa a gwada. Idan bai kashe ba, maganin ne ya mutu, kuma ga hujjar da za a miƙa wa NAFDAC. Batun jabu ba zargi ba ne kawai: binciken da aka yi a kan magungunan sammore da ake sayarwa a Togo da Habasha ya gano fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su cika ƙa'ida ba. Kasuwanninmu da nasu hanya ɗaya kaya ke bi.

Akwai wata cuta da tarihinta ya nuna ƙarfin wannan hanya fiye da kowace, kuma ita ce ta fi burge ni tun ina ɗalibi. Sunanta taileriya. Ita fararen ƙwayoyin jini take shiga, sojojin da ya kamata su kashe ta. Idan ta shiga ba ta fasa ɗakin nan take. Kama ragamar ƙwayar take yi, ta tilasta mata rabuwa ba tsayawa, duk rabuwa ita ma ta rabu ta bi kowane ɓangare. Ƙwayar saniya ta koma tamkar ta ciwon daji, kaluluwa ta kumbura, huhu ya cika da ruwa. Abin mamakin shi ne, da zarar an kashe baƙon da magani, ƙwayar sai ta daina wannan hauka. Da yake ƙwayoyin da cutar ta kama ba sa daina hayayyafa, ana iya riƙe su a kwalba shekara da shekaru. A Muguga ta Kenya aka yi nasarar haka da irin ta Gabashin Afirka a 1970, kuma a kan waɗannan kwalabe ne masu binciken kamfanin Wellcome na Ingila suka riƙa gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, suna farawa da waɗanda aka ƙera don maleriya, har suka kai ga fabakon, sannan bufabakon da ake sayarwa da sunan Butalex. Maganin yana toshe ɗan murhun da ke cikin ƙwayar cutar, inda take samun kuzari, ta hanyar manne wa wani furotin da ake kira saitokurom b, ya bar na saniya yana aikinsa. A gefe guda, sinadarin da ke sa lalle ya kama hannun amarya ɗan gida ɗaya ne da waɗannan magunguna a tsarin gini. Ba ina cewa lalle na warkar da saniya ba, kada wani ya je ya ɗura wa tasa.

Shekaru aka yi bufabakon yana aiki kamar yankan wuƙa. A 2010 aka ba da rahoto daga Tunisiya cewa shanu sun mutu da taileriya duk da an maimaita musu allurar. Aka raya ƙwayar a kwalba, aka bincika, aka tarar ta sauya siffar wurin da maganin ke kamawa. An canza kwaɗo, makulli ya daina buɗewa. Daga baya aka ga irin wannan sauyi a Iran da Turkiyya da Sudan. Mu a nan, taileriyar da aka saba gani a jinin shanunmu masu sauƙi ce, mutans da belifera, waɗanda babbar kaskar nan mai zane a baya ke kawowa, wadda makiyaya suka daɗe suna danganta ta da kirci. Mai kisa ta Gabashin Afirka ba ta nan. Amma ta Arewacin Afirka tana Sudan, dabbobi kuma suna ratsowa ta Chadi su shigo kasuwanninmu na Arewa maso Gabas ba tare da kowa ya leƙa jininsu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba a jini kaɗai 'yan ɓuyan suke ba. Akwai niyosfora, wadda aka raɗa wa suna a 1988, da ke bi ta kashin kare ta shiga abincin shanu, ta zauna a ƙwayoyin jiki, ta ratsa mahaifa ta sa ɓari, kuma har yau ba ta da maganin da aka amince da shi ga shanu. Kowace ruga da karnukanta. Akwai masu shiga ƙwayoyin hanjin maraƙi su sa shi zawo har ya bushe. Su ma a kan ƙwayoyin saniya da aka shimfiɗa a faranti ake gwada musu magani, a ƙirga nawa suka shiga, nawa suka hayayyafa, a kuma duba ko ƙwayar saniyar ta tsira. Ɗakin da aka gina don babesiya, da ƙarin kaya kaɗan zai ɗauki wannan ma.

Me ya sa na ce Zariya? Ba don garina ba ne kawai. A nan aka fara kafa sashen kula da lafiyar dabbobi na Arewa kafin a mayar da ɗakin bincikensa Vom a 1924. Gonar shanu ta Shika tana nan tun 1928, ita ce ta zama NAPRI a 1976. Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Samaru tana yaye likitoci tun shekarun 1960, tana da sashen nazarin ƙwayoyin cuta masu zama a jikin dabba da asibitin koyarwa, kuma a nan masu bincike Leeflang da Ilemobade suka yi aikin da suka wallafa a 1977 kan cututtukan kaska a Arewacin Najeriya. Cibiyar binciken sammore tana Kaduna, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Mahautar Zango tana bakin ƙofa, ɗalibai sun daɗe suna ɗibar jini a can. Abin da ya fi wuya a irin wannan aiki shi ne samun 'yan shanu masu tsabtar jini, da aka tsare daga kaska tun haihuwa, waɗanda za a riƙa ɗibar jininsu don ciyar da kwalabe. Shika na da fili da ma'aikatan da suka san riƙon dabba. Masu aikin barbara ta allura kuma sun saba da ruwan naitirojin, wanda a cikinsa ake daskarar da ƙwayar cuta a sanyin 196 ƙasa da sifiri, ta shekara goma a ciro ta da rai. Mutanen da za su yi aikin suna nan, na zauna aji ɗaya da wasunsu, wasu su suka koyar da ni.

Abin da zai kashe aikin guda ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu: wuta. Ƙwayar da aka sha wahalar wata uku kafin ta saba da kwalba, dare ɗaya inkubeta ta huce ta tafi. Don haka kafin a sayi kowace na'ura mai tsada, a fara da sola da batura da za su riƙe ɗaki ɗaya awa 24, kwana 7 a mako. Sannan kuɗin ya zama na dindindin a kasafin ma'aikatarka, ba tallafin shekara biyu da zai ƙare a rufe ƙofa ba. Amfanin wannan gwaji yana cikin maimaita shi. Sai an san adadin bana kafin a gane na baɗi ya hau. Idan aka jira sai shanu sun fara zubewa sannan aka fara aunawa, babu abin da za a kwatanta da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina kuma roƙon a ba mu hanyar kawo samfur. Mu da ke yawo a rugage mu muke fara ganin inda allura ta ƙi ci. A ba mu kwalaben ɗibar jini da akwatin sanyi da takarda mai sauƙin cikawa: wane gari, wane magani, wace lambar kwali, awo nawa, me ya faru. A karɓa ba tare da an caji makiyayi ba, domin wanda ya rasa saniya ba zai ƙara biyan kuɗin sanin dalili ba, alhali amsar ta kowa ce. A kuma riƙa aika mutum kasuwa ya sayo magani kamar kowane mai saye, daga kanti da kan tebur da bayan babur, har da kantina, a gwada.

Sakamakon kada ya tsaya a mujallar Turanci. Ya fito da Hausa da Fulatanci, a rediyo, a bakin ardo-ardo, a manne a ƙofar kantunan magani: a wannan yanki allura kaza tana aiki, a wancan ta fara rauni, fakiti ɗaya na saniya ɗaya ne. A haɗa da maganar da muke yawan kauda kai a kanta, wato saura magani a nama da nono. Naman saniyar Baffa an kai shi kasuwa da diminazin allura uku da el-e a jikinsa, mutane suka saya suka ci. Diminazin yana buƙatar makonni uku ko fiye kafin a yanka. Imidokab ya fi haka nesa ba kusa ba: a Ingila ƙa'idarsa kwana 213 kafin a ci naman, kwana 21 kafin a sha nonon. Matar da ta ɗauko ƙwarya ta nufi Sabon Gari ba ta taɓa jin wannan ba, kuma 'ya'yanta ne ke fara shan nonon kafin na kowa.

Akwai kuma itatuwanmu. Makiyaya suna jiƙa ɓawon maɗaci da marke da ganyen darbejiya suna ba shanu tun kaka da kakanni. Wasu 'yan boko na yi musu dariya, wasu kuma na yabon su ba hujja, ni kuwa ina ganin farantin nan mai ramuka 96 shi ne alƙalin da ya dace. A tace, a zuba, a ƙirga. Wanda ya kashe ƙwayar cuta ya bar ta saniya, a bi shi a gano abin da ke cikinsa. Wanda bai yi komai ba a faɗa wa mutane su daina ɓata lokaci da shi saniya na zubar da jini. Maganin maleriyar da duk muke sha yau daga tazargade aka ciro shi a Sin, har Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Halofujinon da ake ba maruƙa masu zawo shi ma asalinsa wani tsiro ne na Sin. Ba a san darajarsu ba sai da aka gwada su da awo.

Ranka ya daɗe, na san teburinka cike yake: rikicin manoma da makiyaya, burtali, wuraren kiwo, rigakafin ciwon huhu, satar shanu da ta raba mutane da yawa na wannan yanki da dukiyarsu. Ɗaki ɗaya da inkubeta biyu ba zai yi ƙara a jarida kamar waɗannan ba. Amma wanda ɓarayi suka bar wa shanu goma daga cikin hamsin, kowace ɗaya da ta faɗi yanzu ji yake kamar an cire masa haƙarƙari, kuma Baffa yana cikinsu.

Maraƙin ya rayu, matar Baffa ta shayar da shi da nonon wata saniyar. Fakitin nan biyu na karɓe su a hannunsa ranar, suna cikin durowar kantina a leda, da lambar kwalinsu, tare da gilashin da na shafa jininta. Sauran shanun biyu da aka raba wa allurar suna nan a garken, kuma ya yarda in ɗibi jininsu duk ranar da aka ce a kawo.

Wassalam.

Naka,
Wani likitan dabbobi,
Samaru, Zariya.